Saƙon da Na Kai Garin Kan Ruwa

Tun ranar da na sauke kayana a Madarumfa ba ku bar ni na huta ba. In na je rijiya, tambaya. In na je gidan suna, tambaya. Jiya har a bakin tabki Hajo ta tare ni, wai da gaske ne mutanen can cikin ruwa suke haihuwa kamar kifi? Yo Hajo, wa ya gaya miki wannan? To ku matso, ku jawo kwandon gyaɗar nan mu riƙa ɓara, in ba ku labarin sau ɗaya in huta. Wadda ta katse ni ita za ta ƙarasa.

Amaren cikinku ba su san mafarin ba, sai in faro daga can. Ina da ɗan fari, namiji. Ba zan kama sunansa ba, kun sani, ban taɓa kamawa ba. Haka muka tarar: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta dubansa ido cikin ido, ba ta zama hira da shi. Kakarsa ce ta raine shi. In ina da magana da shi sai in gaya wa wani a gabansa, shi kuma ya tsinta.

Shekara goma sha biyu da suka wuce na kwanta ciwo, wata biyu ba na haɗiye komai. Wata rana cikin zazzaɓi na ce da zan sami romon tarwaɗa da na sha. Ashe yana bayan danga. Lokacin an rufe tabki, Sarkin Ruwa bai buɗe kamun kifi ba, kuma Maigida ne aka ba tsaron ruwan. Yaron ya ɗauki gorarsa da komarsa ya shiga. Aka kama shi da tarwaɗa biyu, aka tara gari. Maigida, ga kunya ga zuciya, ya dube shi a gaban kowa ya ce, "Babu ni babu kai, duniya da lahira." Ina jingine a bakin ƙofa na ji da kunnena. Na san don wa ya shiga ruwan, amma ban buɗe baki ba. Wace uwa ce ta taɓa tsayawa gaban jama'a tana kare ɗan farinta? Washegari yaron ya bi ayari, shi ke nan.

Bayan shekaru, ƙanena Ɗan Juma, da yake bafatake ne, ya gan shi a kasuwar Ajashe yana sayar da banda. Ajashe gari ne can ƙarshen duniya, bayan ƙasar Yarbawa, kusa da teku. Ya yi aure a wani ƙauyen masunta. Ɗan Juma ya roƙe shi ya zo gida, shi kuma ya ce, "Kawu, wanda ubansa ya sallama ina ya ga hanyar gida?" Maigida ya ji wannan labari ya ci gaba da harkarsa. Sai da daminar bara, ranar da zai cika, da hantsi, ya sa na matso. Ya kama sunan yaron har sau uku, shi da ban taɓa jin ya kama ba. Ya ce, "Na yafe masa, duniya da lahira. Asabe, kada ki ba fatake saƙon nan. Ki kai masa da bakinki." Na ce to, don ba a musu da mai barin duniya. Amma a raina har na ƙulla dabara: in je da ƙafata, Ɗan Juma ya faɗa da bakinsa, ni in tsaya gefe in gyaɗa kai.

Na fita takaba, aka gama kaka, muka tashi. Fatake sun ɗora kanwa da jar fata, ni kuma ƙunshin zannuwa da ɗan buhun gero da na ce ko kaza ba za ta taɓa ba. Da muka wuce garin Ɗan Issa muka shiga dajin da ya raba mu da ƙasar Katsina ta Fulani. Kun san tsakaninmu mutanen Maraɗi da su ba a ga maciji. Madugu ya dube ni ya ce, "Asabe, na san bakinki tun kina yarinya. Daga nan har mu fita ƙasar nan ke bebiya ce. Kina yin magana za a ji Maraɗi a harshenki."

Kwana uku na yi ban ce ko a ba, har haƙarƙarina yana ciwo. A ƙofar wani gari mai ganuwa, mai tsaron ƙofa yana tona kayanmu yana surutu, wai matan Maraɗi ko fura ba su iya damawa ba. Ni! Na ciji bakin mayafina har ya huje. Na daure wannan, sai jakin Ɗan Juma ya ja da baya ya ɗora kofatonsa a kan yatsana. Ban san sa'ad da na ce, "Kai, jakin banza, ɗaga!" ba. Kowa ya juyo kaina. Ɗan Juma kuwa, ja'iri, sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allahu akbar! Shekara arba'in ba ta magana, yau albarkar ƙofarku ta kwance mata harshe!" Mai tsaron ƙofa ya washe baki, ya ce mu wuce. Har zango matan garin suka biyo ni suna shafa zanena, wata ta kawo mini ƙwai. Allah Ya yafe mana, na cinye.

Kano da Zariya ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba, mazanku sun ba ku labari har kun gaji. Abin da ba su gaya muku ba shi ne Kwara. Ni da nake taƙama 'yar masunta ce, a bakin tabki aka yanke mini cibiya, na yi ta cika wa matan ayari baki cewa ruwa ba ya ba ni tsoro. Da na ga kogin nan na nemi ɗaya gaɓar na rasa. Nufawa suka loda mu cikin jirgi, mu da jakuna, muna kaiwa tsakiya na amayar da duk abin da na ci, na riƙe wuyan jakin nan da ya taka ni ina salati. Tabkinmu da muke ji da shi, ashe kwatarniya ce.

A Ilori aka bar jakuna, don ƙudan tsando kashe su yake in an yi gaba. Kowa ya ɗauki kayansa a ka. Nan na fara cin sakwara da miyar manja. Da aka kawo na ɗauka jini ne, na tura akushin gefe, yunwa ta sa na jawo shi. Barkono kuwa kamar sun yi faɗa da mai ci. Uwar masaukinmu wata ƙatuwar Bayarbiya ce mai jin Hausa, mai kirki. Ta ce, "Mama, yaya sunan ɗanki na fari, mu riƙa kiranki da shi?"

Na ce, "Me?"

Ta ce ai su haka suke, uwa da sunan ɗan farinta ake kiranta, Iya wane, ita ma tana alfahari. Na ce a'uzubillahi, ku kira ni Asabe. Ta yi ta dariya har da riƙe ciki. A kasuwarsu na ga wata tsohuwa ta kamo ɗanta, ƙato da gemu, tana share masa zufa da bakin zanenta a gaban mutane. Na tofar da yawu na ce wannan rashin ta-ido da yawa yake. Amma ba zan ɓoye muku ba, na waiwaya na sake kallonsu.

Daga nan sai kurmi, ba ka ganin rana sai ta zo tsaka. Kusa da Ajashe muka iske iyakar Nasara. Ashe su ma iri biyu ne, kuma kowanne da nasa shingen. Ranar na fara ganin Nasara, ja kamar an ɗaye shi, yana zaune a rumfa, wani baƙin mutum yana kwance masa kaya. Nasaran ya ga garin kanwa a ƙullina ya yi zaton albarushi ne, ya dangwala ya lasa. Yadda ya yamutsa fuska, da kun gani da kun yafe masa. Ya yi ta kora mu da hannu yana neman ruwa.

A zangon Hausawa na Ajashe dabarata ta rushe. Kurkunu ya fito wa Ɗan Juma a ƙafa, ta kumbura kamar turmi, ko bayan gida sai an riƙe shi. Na jira kwana shida ba sauƙi. Madugu ya ce saura kwana huɗu ayari ya juya, da ni ko ba ni. Na zauna gaban Ɗan Juma na ce, "Yanzu wa zai faɗa masa?"

Ya ce, "Yaya, wa aka aika?"

Na zage shi tas, sannan na tashi na ɗaura zanena. Aka haɗa ni da wata mai sarin kifi da ta san ƙauyen, na shiga kwalekwalenta da sassafe da buhun gerona a cinya.

Muka bi wata 'yar hanyar ruwa cikin ciyawa, sai ta buɗe, ga tabki iya ganinka. Can tsakiya na hango kamar rumbuna an jera. Da muka matso na ga ɗakuna ne, na gwangwala da jinka, kowanne a tsaye bisa dirkoki cikin ruwa. Gari guda, Hajo, da unguwanni, ba ƙasa ko ta shanya barkono. Hanyarsu ruwa, kasuwarsu ruwa: mata suna zaune cikin jirage, mai manja ta gogi mai masara su yi ciniki su rabu. 'Yar da ba ta kai tallan fura ba a nan, can ita kaɗai take tuƙa jirginta. Ruwan kuma da gishiri, ruwan sha sai an je an ɗebo a tuluna daga nesa. Daga baya na ji dalili: kakanninsu masu kamun bayi suka guje wa, su kuwa masu kamun al'adarsu ta hana su shiga ruwa. Mu muka gina ganuwa, su suka shiga tabki.

Mai sarin kifi ta miƙe tsaye cikin jirgi tana ƙwala kira, "Awusa! Awusa!" Haka suke ce masa, wato Bahaushe. Ta ƙara wasu maganganu, sai na ga jirage suna fitowa ta ko'ina, mata suna tafi. Wata doguwa baƙa mai goyo ta fito bakin ɗaki tana rawa, wannan ita ce matarsa, Sika. Sai ga wani jirgi ya taho da gudu daga wajen shingayen kifi. Ta gefen ido na ga kafaɗun mai tuƙin. Kafaɗun Maigida ne sak.

Jirginsa ya gogi namu. Na ji ya ce, "Inna?"

Wayyo, muryar nan. Na ji kamar in faɗa kansa. Amma me na yi? Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na juya kai, na dubi wata dirka. Ya durƙusa cikin jirginsa ya ce, "Sannu da zuwa, Inna. Kun sha hanya."

Na ce wa dirkar, "Yauwa."

Tafin ya mutu. Sika ta tsaya da rawarta, hannu a sama. Da a nan ne, da kowa ya ce Asabe ta san ya kamata. Can kuwa gari guda ya ga uwa ta yi tafiyar wata uku ta zo ta juya wa ɗanta ƙeya.

Aka hau da ni ɗaki ta wani ɗan tsani. Daɓen gwangwala ne, kana ganin ruwa ta ƙasa, ina zama allurata ta zame daga ƙulli ta bi ta tsaga, har yau tana can. Sika ta kawo tuwon masara da kifi, ta durƙusa. Yaya zan ci yana zaune? Na kau da kai. Ya gane, ya fita, amma kafin in jawo akushin ita ta riga ta ɗauke shi, idonta ya yi ja. Jikokina biyu: na goye, da wata 'yar shekara huɗu mai idon mage. Na ji uwar ta kira ta, "Asabi." Na ɗauka da ni take. Sai na ji shi daga waje ya ce wa yarinyar, "Uwani, zo nan." Ashe sunana ya sa mata, shi ma ba ya iya kamawa. Na jawo 'yar nan na matse ta har ta yi ƙara. Sika tana kallo, ta rasa gane irina: ga tsohuwa tana cinye jika da so, ga ta ba ta ko duban uban.

Shi kuma bai tambayi ubansa ba. Tsoro yake ji, na sani. Ni kuma ban san ta inda ake fara magana da shi ba, ban taɓa yi ba. Da asuba ya tafi wajen kifinsa.

Na ce to, abin da baki ya kasa bari hannu ya gwada. Na hango turmi a kan wani ɗan tudu bayan ɗakin, na sa aka miƙo mini shi ciki, na zuba gerona, na ɗaga taɓarya irin tamu ta Madarumfa. Bugu uku, ɗakin ya ɗauki rawa, tukwane suka gangaro, gwangwala biyu suka karye, gindin turmi ya leƙa ruwa. Maƙwabta suka fito suna ihu. Ashe ɗan tudun nan ƙasa ce da suke ɗebowa a jirgi daga nesa, kwando kwando, kowane gida da nasa kamar faɗin tabarma biyu. A kansa suke daka, a kansa jariri yake koyon tafiya, don kada ya girma bai san tsayuwa a ƙasa ba. Na koma can na ƙarasa dakana da kunya. Na dama fura da tsamiya, tunda ba nono, na rufe da faifai na nuna wa Sika da hannu cewa ta mijinta ce.

Da ya dawo ta miƙa masa. Ina jin sa ta bayan asabari. Ya buɗe, ya mayar da faifan ya rufe. Bai sha ba. A ransa, abincin gidan da aka kore shi ne, bai san ko ya halatta gare shi ba. Kwana biyu sun tafi, saura ɗaya in koma, saƙo yana nan a cikina kamar dutse.

Rana ta uku da hantsi, bayan ya fita, sai na ga Sika tana sauke tukunyarta da tabarmarta cikin jirgi. Ta sa Uwani a ciki, ta gyara goyo. Ba sai an fassara mini ba, yaji za ta yi. A ganinta na zo in raba ta da mijinta ne, kuma na raina ta, na raina abincinta. Na rarrafa bakin tsani na cafke igiyar jirgin. Ta ja, na ja. Tana zuba nata yaren tana kuka, ina zuba Hausa ina cewa, "Ke 'yar nan, ba inda za ki! Ki kashe ni tukuna!" Ba mai jin wata. Jirage suka kewaye mu, wani ya tafi da gudu ya kira shi.

Da ya iso na saki igiyar, na juya wa Sika fuskata na ce, "A samo mini wanda zai fassara, ina da magana da yarinyar nan."

Ya ce a hankali, "Inna, duk garin nan ba mai jin Hausa sai ni."

Na ce wa Sika, "To, mai jin Hausa ya fassara."

Muka zauna a ɗaki, ni da ita gwiwa da gwiwa, shi a bakin ƙofa ta bayana. Ita ta fara, da zafi. Ya ce, "Wai me ya yi miki da ba kya dubansa? Wai in ita ce ba kya so, ki faɗa ta tafi, amma shi ki dube shi. Shekara bakwai tana jin sa yana kiranki cikin barci."

Na ce, "Gaya mata, a garinmu ɗan da aka fi jin kunya shi ne na fari. Ba ƙi ba ne. Gaya mata tuwonta ba shi da laifi, kuma na gode mata da ta riƙe mini shi."

Ya fassara. Ta dube ni kamar mai taɓin hankali, ta yi wata 'yar gajeruwar magana. Ya ce, "Wai al'adar banza ce."

Na ce, "Ba ita aka tambaya ba." Amma na kama hannunta, na ci gaba, ina kallon ƙwayar idonta. Na ba ta labarin ciwona da romon tarwaɗa, yana fassarawa, muryarsa tana raguwa. Na ce, "Mijinki ba ɓarawon ruwa ba ne. Don uwarsa ya shiga, uwar kuma tana zaune ta yi shiru." Ya fassara wannan da ƙyar. Na ce, "Surukinki ya rasu da daminar da ta wuce."

Na jira. Ba fassara.

Sika ta dube shi ta saman kafaɗata, ta yi masa magana. Na ji gwangwalar da muke zaune a kai tana rawa, na san kuka yake ba sauti. A ransa shi ke nan, uban ya tafi da maganarsa, ƙofa ta rufe har lahira. Na yi sauri na ce wa Sika, "Kafin ya cika ya ba ni saƙo, ya ce..." Sai na ga ai ba ta jin ko kalma ɗaya, wanda zai ji kuma ya daina saurare.

Yarinyar nan, Allah Ya yi mata albarka, ba ta san me ake ciki ba, amma ta ga inda abin ya maƙale. Ta saki hannuna, ta kama kaina da hannu biyu, tafukanta duk kaushin filafilin tuƙi, ta juya ni da ƙarfi kamar mai juya tulu. Na runtse ido. Ta girgiza ni. Na buɗe.

Ga shi nan. Har da furfura a gemunsa, ni ban san lokacin da gemun ya fito ba. Ga tabon da ya samu a goshi yana rarrafe, wanda kakarsa ta yi wa magani ina leƙe daga nesa. Na dubi ɗana, ya dube ni. Na ce, "Ubanka ya yafe maka. Duniya da lahira, haka ya ce. Ya kama sunanka sau uku, da kunnena na ji. Shi ya ce in zo in gaya maka da bakina."

Ya ce, "Inna, ki sake faɗa."

Na sake. Ya kifa kansa a kan ƙafafuna, ƙato da shi, yana kuka kamar na goye. Na ɗora hannu a kansa. Rabona da taɓa kan nan tun ranar da aka yaye shi. Sika ta fita bakin ƙofa ta yi wa jiragen da ke jira wata magana, sai garin ya ɗauki tafin da ya ajiye shekaranjiya. Furar nan ta kwana ta yi tsami, ya shanye ta tas, har ya sa yatsa ya sharce ƙwaryar.

Na san tambayar da ke bakinku: don me bai biyo ni ba? Ban ce ya biyo ni ba. Na ga matarsa, na ga 'ya'yansa, na ga ɗan tudun da ya tara da hannunsa don su koyi tafiya. Ba a aike ni in tumɓuke shi ba. Ya ce in Allah Ya yarda zai zo wata kaka. Na ce Allah Ya yarda. Ni da shi duk mun san nisan hanyar, mun kuma san shekaruna.

Washegari Sika ta cika mini kwando da banda, ta ɗaura mini zanenta mai kyau, ta rungume ni a gaban mutane, na bar ta. Shi ya ɗauko ni a jirginsa zai mayar da ni Ajashe. Ina gaba ina kallon ruwa, yana baya yana tuƙi, sai na ji maganar tana zuwa da sauƙi. Ya tambayi ƙannensa ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi tsamiyar ƙofar gida, ya tambayi ko har yanzu tarwaɗar tabkinmu tana da mai. Na ba shi amsa duka. Sannan na ce, "Ranar nan da na yi shiru a bakin ƙofa, ka yafe mini."

Ya ce, "Inna, kin sha romon kuwa? Abin da na yi ta tunani ke nan. An ƙwace kifin, ban san ko wani ya kawo miki ba."

Na share fuska da zanen Sika.

Da zuwa, tafiyar ba ta kai daga sassafe zuwa azahar ba. Yau kuwa rana ta karkata ba mu ga bakin hanyar ciyawar ba. Na lura da wani shingen kifi mai tsumma ja a kai. Muka wuce shi. Can an jima sai ga shi kuma. Da muka zo masa na uku na gane zagaye yake yi da ni a tabkin. Ya san na gane. Ya tsayar da filafili ya ce, "Inna, yamma ta yi, Kawu zai damu. Bari in miƙe hanya."

Na juyo gaba ɗaya, ba wanda ya juya ni, na dube shi son raina.

Na ce, "Ɗan Juma ya jira. Ƙara zagayawa."